Tsintsiyar Yaya Lawali da muryar Habu

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar yayana Lawali, wanda ke kula da injunan ƙaramin gidan rediyon da nake aiki a nan Matameye. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in zauna, in kasa. Masu saurarena sun san ba a fi ni baki ba, amma da an zo kan Yaya sai harshena ya yi nauyi. Bana dai na ce ko da kuka sai na rubuta, saboda wani abu da ya faru a gabana kakar bara. Godiya ce a bakina, wanda ya kamata in kai wa ita kuwa ba ya nan, shi ya sa na kawo ta jarida.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ba mu ɗauko hali ɗaya ba. Ni magana, shi shiru. Tun muna yara yake kirana rediyo mai jini, ranar da aka ɗauke ni aiki kuwa cewa ya yi alhamdu lillahi, surutu ya samu eriya, gida zai huta. Shi ma ya yi cin rani kamar kowane namiji na unguwarmu. Kano yake zuwa. Ya fara da turin kurar ruwa, har ya maƙale a shagon wani mai gyaran salula da ordinatir, wato kwamfuta, ya koyi aikin da hannunsa. Da ya gaji da tafiye-tafiye ya dawo gida, gidan rediyo ya ɗauke shi teknisiyan. Bai taɓa yarda ya yi magana a mikro ana jinsa a gari ba. In ka neme shi, yana can tsugune ƙarƙashin tebur yana bin wayoyi.

Shirin da ya fi kowane farin jini a wurinmu shi ne gaisuwar 'yan cin rani, kuma ni ke gabatar da shi. Da an yanke gero an kai rumbu, mazanmu sai su cika motoci su nufi Najeriya, Kano, Kaduna, Legas, har Fatakwal, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. A lokacin ba kowace mace ce a ƙauye ke da salular da ke karɓar saƙon murya ba, amma rediyo kam kowane gida akwai. Sai Yaya ya riƙa zuwa tasha ranar kasuwa yana ba matafiya lambar gidan rediyo. Mutum yana can bakin aikinsa zai ɗauki muryarsa ya aiko, ya gaida uwa da mata da yara, ya ce a kula da tumaki, ya ce ya samu wurin kwana. Yaya ya sauke a ordinatir, ya zuba kowace murya a dosiyen yankinta, wato jakar ajiya ta cikin injin, na Dawce daban, na Kurni daban, na cikin gari daban, ni kuma in saka kowa ya ji.

Ordinatir ɗin ɗaya ne tak, tsoho, kuma komai a cikinsa yake: labarai, sanarwar biki da suna da rasuwa, karatun malamai, waƙoƙi, ga gaisuwa tana ta kwararowa. Ba wanda ke share komai. Cikinsa ya cika, ya fara cijewa. Wata safiya ina tsakiyar shiri ya tsaya cak, muryar wani bawan Allah ta maƙale a kan kalma ɗaya tana ta maimaitawa, har mutane suka riƙa kira suna tambaya ko lafiya. Daga nan kowa ya zama mai shara. Duk wanda ya zauna sai ya goge abin da ransa ya ba shi don ya samu wuri, a haka wani abokin aikinmu ya goge dosiyen karatun azumi gaba ɗaya bai sani ba. Yaya ya ce to ya isa, kowa ya ɗauke hannunsa. Zai saita wa injin aikin da zai riƙa share tsofaffin abubuwa da kansa, kowace safiya, bisa ƙa'ida.

Ranar na yi masa ruwan masifa. Ni mace ce mai ajiya, ko murfin tukunyar da ta fashe ba na yarwa. Na ce muryar mutum ba ɓawon gyaɗa ba ce da za a bar wa ƙarfe ya share. Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Mariyama, in ba mu share ba, wata rana zai mutu da komai a cikinsa. Gara mu zaɓi abin da zai tafi." Na ce injin ya san zaɓi ne? Ya ce, "Bai sani ba. Shi ya sa zan zauna in gaya masa."

Ya kuwa zauna. Tsintsiya ya sa wa aikin suna, ina jin don ya tsokane ni. Na ga yadda ya yi, domin teburinsa na jikin nawa. Bai sake ta a kan dosiyen gaske ba sai da ya ƙirƙiro na ƙarya, ya cika su da tarkace, ya sa musu sunayen 'yan gidanmu. Yakan ce zo ki ga, in leƙa in ga dosiye mai suna Mariyama, ya danna, ya ɓace da duk abin da ke cikinsa, ya ce kin ga an samu shiru. Amma bayan dariyar sai ya nuna mini abin da ke ba shi tsoro. Abin da Tsintsiya ta share ba ya faɗawa kwandon shara inda za a iya ɗauko shi, ya tafi ke nan. In kuma ka yi kuskure ka nuna mata babban dosiye maimakon ƙaramin da ke cikinsa, za ta kwashe uwa da 'ya'ya, ba za ta tambaye ka ba. Don haka ko da ya juyo da ita kan na gaske, ya daɗe bai ba ta ikon gogewa ba. Sai dai ta nuna abin da take niyyar sharewa, shi kuma ya bi da ido. Sai da ya gamsu tukuna ya sake ta.

Ƙa'idojin kuwa daga zamanmu ya ɗauko su. Labaran yau da kullum, in sun kwana biyu a share. Sanarwar biki da suna, a bari sai an watse an mayar da tabarmin aro. Sanarwar rasuwa ba a taɓa ta sai an wuce sadakar arba'in, domin dangi na nesa sukan iso a makare su ce a sake saka musu. Karatun malamai ya kange shi, Tsintsiya ba ta leƙa can sam. Da aka zo kan gaisuwar 'yan cin rani, wadda ta fi komai cin wuri, direktanmu ya ce a ba ta wata uku, kuma da gaskiyarsa, wurin ne babu. Yaya ya ce a wata uku mutum bai gama sanin unguwar da ya sauka ba ma. Aka daidaita a kan sau ɗaya a shekara, ranar ƙarshe ta watan goma, lokacin da an dawo an yi noma an girbe ana shirin sabuwar tafiya. A ranar za a share na bara gaba ɗaya a buɗe wa na bana wuri.

Ni dai ban gamsu ba. Na ce, "Yaya, wanda bai dawo ba fa?" Ya ce Allah ya dawo da kowa lafiya. Na ce amin, amma wannan ba amsa ba ce. Ya yi mini kunnen uwar shegu ya ci gaba da danne-dannensa, na tashi na bar masa wurin ina huci. Ba mu sake ta da maganar ba.

Bai ga watan goman ba. A tsakiyar damina zazzaɓi ya kama shi, muka ɗauka irin wanda aka saba ne. Aka kai shi likita a nan, daga nan aka ce Damagaram. A can Allah ya karɓi abinsa, ya bar mata da yara biyu da tsohuwar uwa. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau in na tsaya ba na iya wucewa.

Da na koma aiki bayan zaman makoki, abin da ya fara ɓata mini rai Tsintsiya ce. Mai ita yana ƙasa, ita kuwa ko a jikinta. Da an kunna ordinatir da safe sai ta yi aikinta, ta rubuta ɗan layi a ƙasan allo cewa an gama. Da arba'in ɗinsa ta wuce, ta share sanarwar rasuwarsa shi kansa, wadda na karanta da bakina ina shessheƙa. Ranar na zagi injin nan zagi na gaske a gaban mutane. Sai dai gaskiya ɗaya ce, tun da ya sake ta ordinatir bai ƙara tsayawa a tsakiyar shiri ba.

Ana cikin yankan gero wata mata ta yi sallama a ƙofar gidan rediyo, da goyo a bayanta. Ta ce sunanta Baraka, daga wani ƙauye a gefen Kurni. Mijinta Habu ya tafi Legas tun kakar da ta wuce, yana gadi a wani shago. Abokan tafiyarsa duk sun dawo da ruwan farko, shi shiru. Lambarsa ba ta shiga. Waɗanda suka dawo sun ce ya bar wurin aikin ya bi wasu mutane, ba su san ina ba. Sau ɗaya ta ji shi a shirina, lokacin sanyi, tana da cikin yarinyar da ke bayanta, kuma ba ta da hotonsa ko ɗaya. Ta ce, "Malama, ba cigiya na zo ba, an yi cigiyar har an gaji. Muryar nan nake so a ba ni, ko yarinyar nan ta tashi ta ji ubanta."

Watan goma kuwa ya kusa ƙarewa, ranar da Tsintsiya za ta share gaisuwar ta matso. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, alhali nawa a tashe yake. Dosiyen Kurni cike yake maƙil da saƙonni, kuma ba suna a jikinsu, lambobi ne kawai yadda salula ta aiko su. Yaya ne ya san kansu. Ba dabara sai a kunna ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ban san muryar Habu ba, sai Baraka ta zauna ta saurara da kunnenta. Ga ordinatir ɗin shi ke riƙe da shirye-shirye, ba ma samunsa sai a ɗan hutun rana, shi ma in ba a ɗauke kuran ba, wato wutar lantarki. Ta yi ta zuwa, ta bar aikin kaka a gona, mu saurari abin da ya sawwaƙa, ta girgiza kai, ta koma tasha.

Na nemi hanyar tsayar da Tsintsiya, ban samu ba. Ni a lokacin iyakar sanina da ordinatir in buɗe, in kunna, in rufe. Wani abokin aiki ya ce a kwafe dosiyen a kle, ɗan abin ajiyar nan da ake cusa wa ordinatir, ya kawo nasa, aka kwafa, da aka buɗe sai ga shi wayam, ashe akwai cuta a jikinsa. Bayan wannan direkta ya hana kowa cusa wani abu a injin, kar a kashe mana shi baki ɗaya. Aka kira wani masani a Damagaram, ya ce yana tafe, ya yi ta tafe. Na roƙi a bar ordinatir a kashe ranar ƙarshen wata, direkta ya ce ko an bar shi a kashe, duk ranar da aka kunna za ta yi abin da aka sa ta, haka Yaya ya gaya masa. Wallahi na ji haushin mamaci. Na ce a raina ai na faɗa maka, ga ta nan ta faru, kai kuma ka tafi ka bar ni da matar mutane.

Da ranar ta zo, Baraka ta riga ni zuwa, na tarar da ita zaune a dakalin ƙofa. Ban iya haɗa ido da ita ba. Na shiga na kunna ordinatir, na juya masa baya ina gyara mikro don kar in ga lokacin da dosiyen zai ɓace. Da na waiwayo ban ga ɗan layin nan na an gama ba. Wani rubutu ne a tsakiyar allo, manya-manya, da Hausa ba da Faransanci ba:

"Dawce. Kowa ya dawo? In kowa ya dawo, a danna E. In da saura, a danna A, in bar su."

Tsintsiyar da ba ta taɓa tambayar kowa komai ba, ga ta ta tsaya tana jira. Na danna A, sai ta kawo Kurni da tambaya iri ɗaya. Na sake dannawa. Ta bi yankunan duka, ta ƙare ba ta taɓa murya ko ɗaya ba. Ashe mutumin nan ya ji ni! Ranar da na tashi ina huci, danne-dannen da ya ci gaba da yi ke nan, kuma don tsabar halinsa bai ga dalilin gaya mini ba. Jira yake watan goma ya zo ya ce zo ki ga. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Baraka ta shigo a guje, ta ɗauka an share, ita ke ba ni haƙuri.

Daga baya masanin Damagaram ya iso, ya duba aikin ya fahimtar da mu. Duk dosiyen da aka ajiye a ƙarƙashin babban dosiyen cin rani, Tsintsiya sai ta kira sunansa ta yi tambaya kafin ta taɓa shi. Ya koya mini yadda zan kira ta da hannu da yadda ake kwafa. Muka ci gaba da saurare ni da Baraka a natse, har wata rana tana cikin ba yarinya nono ta ɗaga hannu ta ce tsaya. Ɗan gajeren saƙo ne, ana jin motoci a bayansa. Ya gaida uwarsa, ya ce a gaya wa Baraka kar ta riƙa ɗaukar tulu da wannan ciki, ya ce da ruwan farko yana gida in Allah ya yarda. Na sa mata a ɗan katin nan da ake cusawa a rediyo. Sannan na buɗe sabon dosiye na sa masa suna Habu na Baraka, na ajiye muryar a ciki. Sauran na Kurni, da muka tabbata masu su suna gida, ni da hannuna na danna musu E.

Tun daga shekarar abin ya zama al'adarmu. Da watan goma ya kama sai in riƙa faɗa a rediyo cewa za a share gaisuwar bara, kowane gari ya duba, kowa ya dawo? Wasu su kira, wasu su ba direbobin tasha saƙo. Wanda bai dawo ba mu nemo muryarsa mu ware masa dosiyensa. Har a kasuwa a kan tare ni a ce, Malama, an yi tambayar Lawali bana? Baraka kuwa ba ta taɓa aikowa ba, da ƙafarta take zuwa ta ce bai dawo ba. Katin da na ba ta ya lalace, na sake ba ta wani, wannan ma ya ɓata tare da rediyon, ta dawo muka kuma kwafa. Da a ce katin kaɗai muka dogara da shi, da tuni muryar ta bi ruwa. An matsa mata ta je wurin malamai a raba auren ta huta, ta ƙi. Ni ban ce mata yi ba, ban ce mata bari ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce in ya ga yau. Matan ƙauye da yawa sun samu salula, miji yana Legas ana ganin fuskarsa daga tsakar gida, gaisuwar da ke zuwa mana ta ragu. Mun sa na'urar hasken rana a rufin, mun daina zaman jiran kuran. An kawo sabon ordinatir mai cikin da in Yaya ya gani sai ya riƙe baki. Sabon teknisiyan ɗinmu, mutumin kirki, da zai mayar da Tsintsiya kan sabon injin ya ce anya akwai bukatarta kuwa, ga wuri har ya yi yawa? Na ji kaina ina gaya masa kowane ciki yana cika, gara mu zaɓi abin da zai tafi. Ni ce fa, mai ajiyar murfin tukunya! Da Yaya na kusa da ya yi mini dariya har ya faɗi. Abin da nake jin zai dame shi shi ne yadda sharewa ta yi sauƙi. Kowa da salularsa, in ta cika sai ya bi da yatsa ya goge a tsaye bakin hanya, ba wanda ya tsayar da shi ya tambaye shi komai. Sau da yawa wata ta zo wurina tana kuka ta goge muryar uwarta da ta rasu don ta samu wurin hoton biki, ba abin da na iya yi mata.

Daminar bara aka gaya mini a kasuwa cewa Habu ya dawo. Wasu sun ce haƙar zinariya ya bi can arewa rami ya rufta masa a ƙafa, wasu sun ce kunyar dawowa hannu rabbana ce ta riƙe shi. Ni dai na daɗe da tanadin abin da zan gaya masa, shekara da shekaru ina wasa maganar a bakina. Ranar ƙarshen watan goma suka zo su uku, har da yarinyar, ta yi tsawo. Na ga mutum dogo ramamme da sanda, yana jan ƙafa, kansa a sunkuye tun daga ƙofa. Na ga yadda Baraka ke rage sauri don ya cim mata. Duk tanadina ya zube. Iyakar abin da na iya cewa shi ne, "Malam Habu, salula ce ta ƙare a duniya?" Ya ce, "Malama, ba ni da abin cewa." Na ƙyale shi.

Baraka ta ba ni labari cewa ranar da ya yi sallama a ƙofar gida yarinyar na cikin ɗaki, ta fito tana cewa Inna, ga mutumin rediyo ya zo. Na kunna masa muryar. Ya ji kansa yana cewa da ruwan farko yana gida, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Sannan na kira Tsintsiya, ta bi yankuna, ta zo kan Habu na Baraka ta yi tambayarta. Na karanta da ƙarfi. Baraka ta ce, "Ya dawo." Na ce in sake kwafa mata tukuna ko don tarihi? Ta ce, "In yi me da ita? Ga mai ita nan, tun da ya dawo bai bar kunnena ya huta ba. Share, Malama." Na danna E, dosiyen ya ɓace. Ban taɓa jin daɗin danna wani abu a injin nan kamar ranar ba.

Habu ya goge fuska ya duba ɗakin, ya ce ina teknisiyan ɗin nan marar magana, wanda ya ba shi lamba a tasha ranar da zai tafi? Yana so ya yi masa godiya. Ashe ba wanda ya gaya masa. Na ce masa Yaya ya rasu a daminar da shi bai dawo ba, kuma nan gida aka kawo shi. Ya yi salati, sannan ya ce sai an kai shi kabarin. Direkta ya ɗauke shi a babur. Baraka da yarinyar suka wuce tasha su kama musu wuri a mota.

Ina zaune ni kaɗai na shiga lissafin abin da Yaya ya bari. Muryarsa babu. Na nema, ashe duk gwajin mikro da yake yi a dosiyen yau da kullum yake zubawa, Tsintsiyarsa ta kwashe tun yana raye. Hotonsa ɗaya ne, na katin shaida, shi ma ya fara dusashewa. Akwai yaransa biyu, babbar ta ɗauko shirunsa sak. Sai kuma wannan tambaya da ke fitowa a allo sau ɗaya a shekara, wadda ta sa garuruwa sukan tsaya su ƙirga mazansu kafin a share komai. Har yanzu akwai dosiye na mutanen da ake jira, kuma muddin ina wurin nan ba wanda zai danna musu E sai nasu sun zo sun faɗa da bakinsu. Na gode masa da ya ji ni, ko da bai nuna ba. Na gode masa da ya fi ni gaskiya a kan shara, ya kuma bar mini tawa gaskiyar a ciki. Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Da la'asar suka dawo. Habu ya ce ba su gane kabarin ba, ruwa ya daidaita wurin, ciyawa ta rufe. Sai ya tsaya a inda direkta ke zato, ya yi wa duk na layin addu'a, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Yana faɗa yana ba ni haƙuri kamar ya yi laifi. Na ce, "Malam Habu, ta isa gare shi. Tafi, Baraka na tasha, ta yi jiran da ya ishe ta."